Teburin zanen da na gani a talabijin, da wanda aka kawo mani

Maman Walida, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum iyaye. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abu ne ya tsaya mani a rai tun jiya.

Akwai wata talla da ake yawan sakawa a wata tasha ta tauraron ɗan'adam, tsakanin la'asar da magariba, daidai lokacin da yara ke jibge gaban talabijin. Wani teburin zane ne na yara, da fitila a samanshi mai siffar kan raƙumin dawa. Ana kunnawa sai hoton kifi ko na mota ya sauko kan farar takarda tar da shi, wata yarinya ta bi layin da maka, wato alƙalamin kala mai tawada, kafin ka ƙifta ido ta gama zanen da ko babba sai ya yi da gaske. Uwar tana gefe tana tafi. Wata biyu Walida tana damuna da shi. Na ce mata duk ranar da ta kai Sabbi a Islamiyya zan saya mata. Yarinyar nan ta dage, har da tilawa bayan isha'i ba wanda ya sa ta, ta kai. To alƙawari kaya ne.

Na kira lambar. Wata mai zaƙin murya ta ɗauka, ta ce saura guda bakwai, kuma ragin zai ƙare sha biyun dare. N28,500, kuɗin kawowa N4,500. Cikin kuɗin adashena na tura. Sai da aka kwana tara direba ya kira ya ce a zo tasha a karɓa.

Tun daga ganin kwalin jikina ya yi sanyi. Teburin da na ga yarinya ta ja kujera ta zauna gabanshi, ashe bai wuce tiren shayi ba. Ƙafa huɗu, ɗaya ta ƙi shiga raminta. Ba batir a ciki, sai da na aika aka sayo guda uku. Muka kunna, hasken kamar tocilan da ta kwana a kunne. Hoton bai kai tafin hannuna ba, dishi-dishi, sai ka kanne ido kafin ka gane kifi ne ko takalmi. Maka goma sha biyu aka nuna, shida na tarar, biyu a bushe.

Walida ta daɗe tana kallonshi, sai ta ce, "Mama, ko ƙanenshi suka ba mu?" Wallahi da kuka ta yi da ya fi mani sauƙi.

Na kira su sau huɗu. Na farko aka ce in aika hoto, na aika. Na biyu aka ce manaja ba ya nan. Yanzu ba su ɗauka. Akwai abin da zan iya yi, ko in bar wa Allah?

Maman Fadila:
Wa alaikumus salam. Kai, sannu Maman Walida. Maganar yarinyar nan ta taɓa ni.

Anti Bilki:
Ƙanenshi! Allah ya shirya Walida, ta sa ni dariya ban shirya ba. Allah ya mayar da alheri.

Baban Sadik, mai gyaran waya:
Hajiya sannu da haƙuri. Irin wannan an kawo mani sun fi biyar a shago, wai in ƙara masu haske. Bari in faɗa maki abin da ke cikin kan raƙumin dawan nan. Ɗan ƙwan fitila ne guda ɗaya, irin na bayan ƙaramar waya, sai faifan leda mai hotuna, sai gilashin roba da ke ƙara girman hoton. Shi ke nan, ba kwamfuta ba komai. Kuma duk abin da ke haska hoto, hasken ɗaki na cinye shi. Su a wurin ɗaukar talla suna rage fitilu, su kusanto da kyamara, wani lokaci ma su ƙara wa hoton haske a kwamfuta bayan an ɗauka. Ke kuma kin kunna a tsakar gida cikin ranar Katsina. Ki gwada da daddare, ki rufe labule, ki murɗa bakin gilashin a hankali har layin ya fito. Zai ɗan gyaru, amma kada ki sa rai zai zama na talabijin.

Ɗan Daurama:
In duhu abin yake so ai ya zo gida. Mu nan Daura kwana uku ke nan muna da duhu kyauta, a aiko mana shi.

Maman Walida:
Baban Sadik na gwada bayan isha'i. Hoton ya fito kaɗan, amma sai ita yarinyar ba ta ganin bakin makar. Ga hannunta da ta ɗora sai inuwarshi ta rufe layin da za ta bi. Haka muka yi ta fama har ta yi barci.

Baban Sadik:
To wannan ita ce matsalar da ba a nunawa a talla. Fitila tana sama, hannu yana tsakani, dole inuwa ta faɗo.

Hajiya Gwaggo, Rafin Daɗi:
'Yata, ni ba zan yi maki daɗin baki ba. Cinikin biri a sama kika yi. Ga Babbar Kasuwa nan kusa da ke, ki shiga ki ɗauki abu ki juya, ki ce a sa batir a kunna gabanki, in ya lalace gobe ki koma ki sami mai shagon zaune inda kika bar shi, kin san ubanshi ya san mijinki. Kika bar wannan kika tura kuɗi wa muryar da ba ki san fuskarta ba. Kuma duk wanda ya ce maki saura bakwai, ragi zai ƙare sha biyun dare, so yake kada ki kwana ki yi shawara. Ki duba yau, za ki ga tallar tana nan, har yanzu saura bakwai.

Maman Walida:
Gaskiya ne Gwaggo, na karɓi laifina. Ɗazu ma aka sake sakawa, na canza tasha da sauri kafin ta gani.

Zee Kayan Yara:
Don Allah Gwaggo a yi mana adalci. Duk lokacin da aka cuci wani sai a haɗa mu gaba ɗaya a yi mana kuɗin goro. Ni shekara huɗu ina sayar da kaya ta waya, ban da shago, da shi nake biyan kuɗin makarantar ƙannena. Ban taɓa tura wa kowa hoton kamfani ba, bidiyon abin nake ɗauka a hannuna, in ajiye shi kusa da robar ruwa don a ga girmanshi. Kuma a kasuwar ma ana cuta. Nawa aka sayar wa jabun caja ido na ganin ido?

Maman Walida, abin nan na san shi. Daga Sin ake kawo su, da yawa daga cikin kayan wasan roba daga birnin Shantou suke fitowa, dillalai kuma su saro a kasuwar Yiwu. Iri ɗaya ne a hoto amma aji-aji ne, akwai babba mai ƙafafu dogaye, akwai ƙarami. Su suka nuna babban suka aiko maki ƙaramin. Kuɗin da kika biya kuwa, rabinshi ma ba na kayan ba ne, kuɗin tallar kika biya masu.

Hajiya Gwaggo:
Zainabu ban kira sunanki ba. Amma tunda kin tanka, ke in kayanki ya ɓaci ana samunki a gidanku. Waɗannan fa?

Zee Kayan Yara:
Haka ne Gwaggo. Allah ya huci zuciyarki.

Barista:
Maman Walida, amsar tambayarki ita ce akwai abin yi, sai dai yana son haƙuri. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar da ke kare haƙƙin masu saye. A ƙarƙashinta, in kin sayi abu bisa siffar da aka nuna maki ba tare da kin duba shi ba, ya zo ya saɓa, kina da damar mayarwa a dawo maki da kuɗinki, matuƙar ba ki ja lokaci ba. Rubuta "ba a mayar da kaya" a jikin risit ba ya soke wannan haƙƙin. Talla mai yaudara ma laifi ce a dokar. Ita kuma talla kanta akwai hukumar da ke sa mata ido, ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022.

Abin da za ki yi yau: kada ki yar da kwalin. Ki ajiye shaidar tura kuɗin, da sunan asusun da kuɗin ya shiga. In an sake saka tallar ki ɗauke ta a waya tun daga farko har ƙarshe. Ki ɗauki hoton abin da aka kawo, da ruler a gefenshi. Sannan ki rubuta masu saƙo, ba kira ba, ki ce kin ba su mako guda su dawo da kuɗinki ko ki kai ƙara hukumar FCCPC. Ana shigar da koke ta shafinsu na intanet, ba sai kin je Abuja ba.

Ɗan Daurama:
A rubuta a ajiye, ɗan Daura ne ya sa wa dokar nan hannu. Katsinawa a yi godiya.

Anti Bilki:
Kai dai ba ka rabo da tsiya. Barista, tsakani da Allah, a kan dubu talatin da uku? Kuɗin data da ɓacin rai sai sun fi haka.

Barista:
Da wannan lissafin suke cin abinci, Hajiya. Sun san ɗaya cikin masu yawa ne zai bi. Ba na cewa lallai kuɗin zai dawo, amma na sha ganin saƙo ɗaya mai ɗauke da sunan hukuma ya sa wanda ba ya ɗaukar waya ya kira da kanshi.

Malam Sani, na Islamiyya:
Assalamu alaikum. Da farko ina taya Walida murnar kaiwa Sabbi, Allah ya sa albarka, ya sa ta sauke. Kada takaicin abin wasa ya mantar da mu wannan.

Game da cinikin, malamanmu sun daɗe da magana a kanshi, tun ba a san talabijin ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, an ce babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ba a sharɗanta biyan kuɗinshi tun kafin a gani, sai in wurin yana kusa, ko abu ne da ba a tsoron canzawarshi kamar gida ko fili. Ku dubi hikimar. In kuma abu ya zo ba bisa siffar da aka faɗa ba, mai saye yana da zaɓi, ya karɓa ko ya mayar. Shi kuma mai nuna babba ya aiko ƙarami, algus ya yi, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Saboda haka Hajiya, neman haƙƙinki ba rashin tawakkali ba ne.

Abu Hanifa:
Malam, ni tambayata daban ce. Shi zanen kifi da tsuntsu da ake koya wa yara fa, ya halatta tun farko?

Admin:
Abu Hanifa, don Allah a kai wannan tambayar zauren fatawa. Wancan karon da aka taso da ita kwana biyu muka yi, mutum uku suka fita.

Malama Rabi, Sabuwar Unguwa:
Ni shekara 31 na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu kafin in yi ritaya, bari in sa baki. Ko da abin nan ya zo daidai yadda aka nuna, da kwana huɗu zai yi a hannunta ta yar. Hotuna nawa ne a ciki? Ashirin da wani abu. In ta bi layinsu sau biyu sau uku, me ya rage? Kifin wani take kwafa, ba nata ba. Bin layi yana da amfaninshi, yana saita hannu kafin rubutu, shi ya sa malamin allo ke rubuta wa ƙaramin yaro ya bi. Amma zane wani abu ne daban. Yaro ya zana maki gidanku da ƙofa ta fi ɗakin girma, ya zana babanshi da hannu har ƙasa, ki tambaye shi ya ba ki labari na minti goma. A nan ne kanshi ke aiki.

Mu da muka tashi a cikin gari, ƙasa ce takardarmu. Bayan an yi yayyafi a sami tsinke a zauna a ƙofar gida. Gawayi a bango, a sha duka, gobe a sake. Maza su yi motar kara da ta langa-langa, su gina shanu da laka, mu mu yi 'yar tsana mu ɗinka mata zane da ƙyallen tela. A makarantar allo mu muke haɗa tawadarmu da ƙaro, mu feƙe alƙalami. 'Yan ajinmu da suka fi kowa ɓata bango, su ne suka zama masu zanen hula da masu ƙunshin amare. Ba ina cewa a koma da ba, ni ma jikokina suna da kayan wasan roba cike da kwando. Ina dai faɗa maki abin da ke daɗewa a hannunsu: farar takarda. Rim ɗaya takarda 500 ce. Ki haɗa da fensir mai kala, ba maka ba, don maka hunturu na shigowa za ta bushe in yaro ya bar ta a buɗe rabin yini. Ki ba ta biyar kullum, kada ki ba ta duka. In ta gama ki manna ɗaya a jikin firij ko bangon ɗaki, babanta ya dawo ya gani.

Maman Fadila:
Malama kin tuna mani da dukan da na sha kan bangon zauren kakanmu.

Maman Walida:
Na gode Malama. Ni abin da ya fi cin raina ba kuɗin ba ne. Yarinya ta cika nata alƙawarin, ni nawa ya zo a karye. Gobe in na ce mata in kin kai Amma zan yi maki kaza, da wane ido za ta dube ni?

Malama Rabi:
Ki faɗa mata gaskiya. Ki ce mutanen talabijin ne suka nuna wani suka aiko wani, kuma kina bin su. 'Yar shekara shida tana gane cuta sarai, ai ita ta fara ganewa kafin ke. Sannan ki ɗauke ta ku je kasuwa tare ta zaɓa da hannunta.

Baban Sadik:
In za ku je, akwai abu biyu da suka fi wannan. Akwai allon maganaɗisu, mai farar fuska da ake gogewa da ɗan maja a ƙasa. Garin ƙarfe ne a cikin ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, alƙalamin ke jawo shi sama. Ba batir, ba tawada, ba ɓata bango. Sai kuma baƙin allon nan siriri mai kama da babbar waya, wanda ake rubutu a danna maɓalli ya goge. Shi danna alƙalamin ne ke fito da rubutun, batirin gogewa kawai yake yi, shi ya sa yake daɗewa. Kuma akwai ɗan makulli a baya ko a gefe. Mutum nawa suka kawo mani wai ya daina gogewa, ashe yaro ne ya tura makullin.

Maman Fadila:
Tsaya Baban Sadik, a nan dole in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Baƙin allon nan batirinshi irin mai kama da kwabo ne. Duk gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan shekara biyu, a duba murfin batirin, in ba da sukuru aka ɗaure shi ba kada a saya. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Ba a jira a ga ko zai fita da kashi, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take a ce batir ya haɗiya. Haka murfin maka da ƙananan faifan hoton nan, Maman Walida, ki kawar da su daga inda ƙaninta zai kai hannu. Alamar nan ta fuskar jariri da aka ja wa jan layi a jikin kwali, ma'anarta ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne.

Maman Walida:
Subhanallahi, ɗazu na ƙwace faifan ɗaya a bakin Abba. Na kwashe su yanzu.

Ɗan Daurama:
To raƙumin dawan fa? Kada a yar. Baban Sadik ya cire kan ya mayar da shi tocilan ɗin shiga banɗaki, ko dubu ɗaya ta dawo.

Barista:
Kada a taɓa shi tukuna! Shaida ce.

Maman Walida:
Barista na tura saƙon yadda ka ce, da sunan hukumar. Ko minti ashirin ba a yi ba mai zaƙin muryar ta kira. Wai kuskure ne daga wurin masu ɗaure kaya. Ba za su iya dawo da kuɗi ba, amma za su aiko mani da babban in na ƙara N12,000.

Hajiya Gwaggo:
La'ilaha illallahu. Ko sisi.

Barista:
Kada ki ƙara. Ki ce ta rubuto maki wannan maganar a saƙo. In ta rubuta, ta amsa da bakinta cewa ba abin da aka tallata aka aiko ba. Ki maimaita masu cewa kuɗinki kike so, kuma kuɗin mayar da kayan a kansu yake.

Zee Kayan Yara:
Kuma babban ma in ya zo, fitilar iri ɗaya ce. Ƙafafun ne kawai suka fi tsawo.

Maman Hanifa, Layout:
Jama'a ni tun ɗazu ina karantawa na kasa magana. Ni ma na yi oda ranar Talata, irin shi sak, nawa mai kan giwa ne. Sai dai ni na ce sai ya zo zan biya. Yanzu haka mai kawowa ya kira, yana bakin layinmu da babur. Ya zan yi?

Anti Bilki:
Ikon Allah! Ki ce sai an buɗe.

Baban Sadik:
Ki fita da batir uku a hannu, ki kunna gabanshi a nan waje cikin rana. Ki ƙirga makar.

Malam Sani:
Kuma a yi mashi magana mai daɗi, shi ɗan aike ne, ba shi ya yi tallar ba.

Maman Hanifa:
Ya ce an hana su bari a buɗe sai an biya. Kwalin kuwa a ƙarƙashin hammatarshi ya riƙo shi, ko jakar makarantar Hanifa ta fi shi girma. Na ba shi N1,000 ya sha mai, na ce ya koma masu da shi. Saura in san abin da zan ce mata in ta dawo Islamiyya, don tun safe ta share wurin da za ta ajiye shi.

Maman Walida:
Ki kawo ta gobe da hantsi, mu haɗa su da Walida mu shiga kasuwa. Malama Rabi, wane layi ne masu takarda suka fi sauƙi?